Gasar Farko ta Katunan Tarawa: Abin da Sabon Shiga Yake Tararwa a Zauren Wasa

Wasan katunan tarawa ya bambanta da kartar da aka saba gani a ƙasar Hausa ta wata fuska mai muhimmanci, domin a karta ko a Whot duk masu wasa suna ɗiba ne daga tari guda wanda kowa ya san abin da ya ƙunsa, alhali a wannan wasa kowane mutum yana zuwa da nasa damin katuna, wanda shi da kansa ya tsinto daga cikin dubban katunan da kamfani ya buga, kuma kowane kati yana ɗauke da rubutun da ke bayyana aikinsa, har wani lokaci rubutun ya kan soke wata doka ta asalin wasan. Wanda ya ƙirƙiro wannan nau'i shi ne Richard Garfield, masanin lissafi ɗan Amurka, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da wasansa mai suna Magic: The Gathering a shekarar 1993. Ba a jima ba Japan ta bi sahu, inda katunan Pokémon suka fito a 1996, na Yu-Gi-Oh! kuma kamfanin Konami ya fitar da su a 1999, kuma waɗannan uku su ne har yau suka fi kowane yawan 'yan wasa da yawan gasa. Ana kiransu na tarawa ne saboda ba a sayar da su gaba ɗaya a kwali guda, sai dai a ƙananan fakitoci rufaffu da mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya buɗe, don haka mutum yana tara katunansa ne sannu a hankali ta hanyar saye da musaya.

Gasa ta biyo bayan wasan tun yana jariri. An yi gasar duniya ta farko ta Magic a 1994 a birnin Milwaukee, inda Zak Dolan ya zama zakara, sannan a 1996 aka buɗe jerin gasannin ƙwararru da ake kira Pro Tour a birnin Niyok, kuma a 2015 wata gasa da aka yi a Las Vegas ta tara 'yan wasa sama da 7,000. Sai dai kusan babu wanda yake fara gasa a irin waɗannan manyan zauruka, domin ƙofar da yawancin mutane suke shiga ta cikinta ita ce ƙaramin shagon wasanni na unguwa, inda ake jera tebura a bayan kanta, mutum goma sha ko ashirin da wani abu su taru a daren Juma'a ko ranar Asabar. Wannan rahoto ya fi karkata ga Magic, saboda dokokin gasarsa su ne suka fi daɗewa kuma su ne aka fi rubutawa dalla-dalla, amma yawancin abin da za a faɗa ya shafi sauran wasannin biyu da ɗan bambanci kaɗan.

Abin da ya kamata a fahimta tun farko shi ne cewa iya wasa daban ne, iya gasa kuma daban, kuma sabon shiga da ya shekara yana doke abokansa a gida yakan tarar cewa abin da ya kayar da shi a ranar farko ba gwanintar abokin karawa ba ce kaɗai, har da agogo, da takardar rajista, da kunyar yin tambaya. Gasa tsari ce da aka gina domin mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba su zauna fuska da fuska, kowannensu riƙe da katunan da ɗayan ba ya gani, su kuma yarda da sakamakon ba tare da rigima ba, kuma kusan kowace doka da take ba sabon shiga mamaki an kafa ta ne domin kare wannan amana.

Shawarar farko ana yanke ta ne tun kafin a bar gida, wato wane rukuni za a shiga, domin katunan Magic mabambanta sun haura 20,000 kuma ba duka ake yarda da su a kowace gasa ba. Akwai rukunan da ɗan wasa yake zuwa da damin da ya haɗa a gida, wanda ba zai gaza kati 60 ba, ba kuma za a sa kati iri ɗaya fiye da huɗu ba in ban da katunan ƙasa na asali, wato waɗanda suke samar da ƙarfin da ake biyan sauran katuna da shi, sannan a gefe ana yarda da katunan ajiya da ba su wuce 15 ba, waɗanda ake musanyawa da na cikin dami tsakanin wasa da wasa. A cikin waɗannan rukunai akwai Standard, wanda ya taƙaita ga katunan 'yan shekarun baya-bayan nan, da Modern da aka kafa a 2011 wanda ya karɓi katuna tun daga na 2003, da Pauper wanda ba a amfani da komai a cikinsa sai katunan gama-gari masu araha. Ɗaya ɓangaren kuma shi ne wanda ake zuwa hannu rabbana, a biya kuɗin shiga, a karɓi fakitoci rufaffu a wurin, a haɗa dami na kati 40 nan take. Mafi sauƙinsa shi ne bikin da shaguna suke yi kimanin mako guda kafin sabon rukunin katuna ya shiga kasuwa, inda kowa yake karɓar fakiti shida, kuma wannan biki shi ya fi dacewa da mai farawa, saboda katunan sababbi ne ga kowa, tsohon hannu ma sai ya tsaya ya karanta, kuma mai kuɗi ba zai iya sayen fifiko a kan marar kuɗi ba.

Wanda ya zaɓi zuwa da daminsa zai ci karo da abin da 'yan wasa suke kira metagem, wato sanin irin haɗin katunan da suka fi yawa a gasa a wannan lokaci da yadda kowanne yake cin wani. A taƙaice akwai dami mai gaggawa da ke neman gama wasa kafin abokin karawa ya kintsa, akwai mai haƙuri da ke tare hari yana kashe barazana har sai ya mallaki fili, akwai kuma wanda ya dogara ga haɗuwar wasu katuna biyu ko uku da in sun haɗu wasa ya ƙare. Sababbin shiga da yawa suna ganin kwafar jerin katunan da wani ya ci gasa da shi a matsayin abin kunya, suna so su zo da ƙirarsu, kuma wannan buri ne mai kyau da bai kamata a raina ba, amma gaskiyar magana ita ce jerin da dubban mutane suka gwada ya riga ya zubar da kurakuran da mutum ɗaya ba zai gano ba a teburin gidansa. Abin da ya fi zaɓen dami muhimmanci shi ne sabo da shi, domin dami matsakaici da mai shi ya san kowane lungunsa ya fi dami mafi ƙarfi da aka ara a daren jajibiri, kuma mai farawa ya fi samun sauƙi da dami mai gaggawa saboda yana barin lokacin hutu tsakanin zagaye da zagaye.

Gasannin Magic suna da matakai uku na tsananin doka. Matakin farko shi ne na yau da kullum, wanda ake amfani da shi a daren Juma'a da bikin sababbin katuna, inda manufar alƙali ita ce koyarwa da gyara kuskure, ba hukunci ba. Na biyu shi ne matakin gasa sosai, wanda ake sa wa wasannin neman gurbi da masu babbar kyauta, na uku kuma na ƙwararru. A mataki na biyu ne ake buƙatar kowa ya miƙa jerin katunansa a rubuce kafin a fara, sunan kowane kati cikakke da adadinsa, kuma wannan takarda ta sha kayar da mutane tun ba su ja kati ko ɗaya ba, domin wanda ya rubuta 59 maimakon 60, ko ya gajarta suna har ya yi kama da na wani kati, hukuncinsa na asali shi ne asarar wasa guda. Dalilin wannan tsanani shi ne alƙalai suna zaɓen tebura a tsakiyar gasa su karɓi dami su gwada shi da takarda, domin kada wani ya leƙa abin da abokin karawarsa yake riƙe da shi sannan ya sauya nasa. Makara ma tana da nata farashi, wanda ba ya kan kujerarsa lokacin da aka buɗe zagaye yana iya rasa wasa guda, in kuma ya kai minti goma bai zo ba ya rasa karawar gaba ɗaya.

Babban abin da ya kamata sabon shiga ya gane, wanda kuma yake sauya yadda zai ɗauki ranar baki ɗaya, shi ne tsarin haɗa 'yan wasa da ake kira tsarin Suwizalan, saboda an fara amfani da shi ne a wata gasar ces, wato darar Turawa, a birnin Zurik a 1895. A wannan tsari ba a korar wanda ya faɗi, kowa yana buga dukkan zagayen da aka tsara, sai dai bayan kowane zagaye ana haɗa masu maki iri ɗaya da juna, nasara tana kawo maki uku, kunnen doki maki ɗaya, faɗuwa kuma babu komai, kuma ba a haɗa mutum biyu sau biyu. Idan adadin mahalarta mara ne, mutum ɗaya yakan samu nasarar kyauta ba tare da ya buga ba. Lissafin abin yana da sauƙi kuma yana da ban haske: idan mutum 32 suka buga zagaye biyar ba tare da kunnen doki ba, mutum ɗaya ne kawai zai ci duka biyar, biyar za su ci huɗu, goma za su ci uku, goma za su ci biyu, biyar za su ci ɗaya, mutum ɗaya kuma zai tashi bai ci ko ɗaya ba. Ma'ana rabin zauren dole ne su koma gida da faɗuwa fiye da nasara, ko da kuwa dukkansu gwanaye ne, kuma wannan ba aibin kowa ba ne, haka tsarin yake.

Akwai wata fa'ida a cikin wannan da masu fushi da wuri suke rasawa. Tun da ana haɗa mai maki da mai maki irin nasa, wanda ya faɗi sau biyu a farko yana gangarawa ne zuwa teburan ƙasa, inda zai tarar da mutanen da ƙarfinsu ya yi kusa da nasa, wasu ma ranarsu ta farko ce kamar shi, kuma a nan ne wasa yake yin daɗi, hira take buɗewa, ake kuma samun wanda zai tsaya bayan an gama ya nuna wa mutum inda ya yi kuskure. Doka ta yarda ɗan wasa ya janye a kowane lokaci muddin ya sanar da masu rajista, amma sabon shiga da ya janye bayan zagaye na biyu ya biya kuɗin darasi biyar ne ya halarci biyu, waɗanda kuma suka fi kowanne wahala. A manyan gasanni, bayan an gama zagayen Suwizalan, mutum takwas na sama suke wucewa zuwa zagayen faɗuwa ɗaya a fita, kuma idan maki ya zo ɗaya ana duba yadda abokan karawar kowa suka yi a sauran wasanninsu, don haka nasara a kan mai ƙarfi ta fi nauyi.

Yawanci kowane zagaye minti 50 ne, kuma karawa ta wanda ya fara cin wasa biyu ce cikin uku. Kafin a fara, kowa yana cuɗa daminsa sosai sannan ya miƙa wa abokin karawa, wanda a matakin gasa sosai wajibi ne shi ma ya cuɗa, kuma wannan ba zargi ba ne, don haka bai kamata a ji haushinsa ba. Rarraba katuna tari-tari a kan tebur, wanda sababbi da yawa suke ɗauka cuɗawa ce, doka ba ta ɗauke shi haka ba, an yarda da shi sau ɗaya ne kawai domin ƙirga katuna. Kowa yana farawa da makin rai 20 da kati bakwai a hannu, kuma wanda hannunsa bai yi kyau ba yana iya yin muligan, wato ya mayar ya sake ja, a bisa dokar da aka kafa a 2019 yana jan bakwai sannan ya mayar da ɗaya ƙarƙashin dami a kan kowace sakewa. Idan lokaci ya cika ba a gama ba, ana ƙarasa juyin da ake ciki, wato damar motsin wanda ke kan wasa, sannan a ƙara juyi biyar, in ba a samu mai nasara ba wasan ya tashi kunnen doki. A nan ne mai yawan tunani yake cutar da kansa da abokin karawarsa, domin jinkiri laifi ne mai hukunci ko da ba da gangan ba, kuma kunnen doki a tsarin maki uku ya fi kusa da faɗuwa fiye da nasara.

Babu abin da sabon shiga yake tsoro ba bisa dalili ba kamar kiran alƙali. A al'adar zauren gasa mutum yana ɗaga hannu ne ya kira da murya, ya bar hannun a sama har alƙali ya iso, kuma yin haka ba ƙara ba ce, ba kuma cin fuska ba ne ga wanda ake karawa da shi, hasali ma manyan 'yan wasa su suka fi kowa yin kiran. Ana kira idan ba a fahimci yadda katuna biyu suke aiki tare ba, ko aka ja kati fiye da ƙima, ko kati ya faɗi ya buɗe, ko lissafin makin rai ya saɓa, ko mutum yana buƙatar fita zagayawa, ko katin abokin karawa da wani harshe aka buga shi kamar Japananci ko Jamusanci, inda alƙali zai kawo rubutun hukuma na katin. Kuskure mafi muni shi ne mutum biyu su gyara ɓarna da kansu, domin gyaran yakan fi amfanar wanda ya fi sanin doka, kuma abokin karawa, komai kirkinsa, yana da muradi a cikin amsar. Alƙali ba zai gaya wa kowa dabarar da zai bi ba, zai bayyana doka ne kawai, yana kuma ƙara wa teburin lokacin da hukuncin ya ci, kuma wanda bai gamsu ba yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara zuwa ga babban alƙalin gasar, wanda maganarsa ita ce ta ƙarshe. Yawancin kurakuran gaskiya gargaɗi kawai suke jawowa, kuma wanda ya tona kansa da kansa ba a ɗaukarsa daidai da wanda ya gani ya yi shiru don ya amfana, domin wannan na biyun shi ake kira maguɗi, hukuncinsa kuma kora ce daga gasa.

Magana a bakin tebur ma tana da ƙa'ida. Akwai bayanin da wajibi ne a faɗa da gaskiya idan an tambaya, kamar makin rai da sunan katin da ke fili, akwai wanda ba dole a taimaka wa abokin karawa ya lissafa ba amma haramun ne a yi ƙarya a kansa, akwai kuma sirri, kamar abin da ke hannu, wanda mutum yana da ikon yin ɓad-da-bami a kansa. Wasu katuna suna da aikin da ke tashi da kansa a wani lokaci, kuma a matakin gasa sosai nauyin tunawa da shi yana kan mai katin, abokin karawa ba dole ne ya tunatar ba, abin da yake yi wa wanda ya saba da sassaucin gida ciwo a karon farko. Maganin duk wannan shi ne bayyana kowane motsi da baki, da rubuta makin rai na ɓangarorin biyu da biro a takarda maimakon dogaro da ɗan lido da hannun riga zai iya juyawa. 'Yan kallo kuma ba su da bakin magana, aboki da ya yi wa ɗan wasa ishara ya jawo wa kansa hukunci mai nauyi.

Rigar leda da ake saka wa kowane kati tana kare shi daga lalacewa, amma a gasa babban aikinta shi ne sa bayan katuna ya zama iri ɗaya ta yadda ba za a gane wani daga wani ba, don haka tsofaffin riguna masu lanƙwasa ko tabo suna iya zama laifi ko da mai su bai sani ba. Girman wannan al'amari ya bayyana a 2019 a wata babbar gasa a Landan, inda aka kori Yuuya Watanabe na Japan, ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan duniya, bayan alƙalai sun samu alamu a rigunan wasu muhimman katunansa, kuma duk da ya musanta aikata maguɗi an dakatar da shi wata 30 an kuma cire sunansa daga jerin gwarzayen wasan. Sabbin riguna masu duhun baya, waɗanda aka cuɗa katunan kafin a saka su, sun isa su kawar da wannan damuwa.

Mai karatu a ƙasar Hausa, inda karta ta daɗe da yin ƙaurin suna, zai tambaya ko wannan ba caca ba ce, kuma tambayar tana bisa hanya. Dokokin Magic na 1993 sun ƙunshi sa kati ɗaya a matsayin jingina wanda mai nasara yake tafiya da shi, amma an cire wannan daga gasa saboda kamanninsa da caca, an kuma haramta katunan da suka dogara da shi. A yau yin fare a kan sakamako, da ba da kuɗi ko kyauta don wani ya sallama, da jefa lido ko kwabo don yanke wanda ya ci, duk manyan laifuka ne da za su iya kai mutum ga kora, kuma na ƙarshen nan yana kama sababbi da yawa waɗanda lokaci ya ƙure musu suka ga kamar jefa lido adalci ne. Inda tambayar take da ƙarfi shi ne wajen fakiti rufaffe, domin mai saye yana biyan kuɗi sananne a kan abin da bai sani ba, kuma farashin wasu katuna ya kai inda hankali ba ya ɗauka, misali katin Magic guda tilo mai suna One Ring da mawaƙi Post Malone ya saya a 2023 a kan sama da dala miliyan 2. Zargin caca yana cikin dalilan da hukumar fatawa ta Saudiyya ta bayar a 2001 lokacin da ta haramta Pokémon. Hukuncin shari'a na malamai ne, amma ta fuskar tattali shawarar tsofaffin 'yan wasa a fili take, cewa mai son haɗa dami ya sayi ainihin katunan da yake buƙata ɗaya-ɗaya a farashinsu sananne, domin buɗe fakiti don neman wani kati hanya ce ta asarar kuɗi.

Sa'a tana da rabo a cikin wasan kansa, kuma fahimtar girmanta tana rage zafin faɗuwa. Mai kati iri ɗaya guda huɗu a dami na 60 yana da damar kusan kashi 40 cikin 100 ne kawai ya ga aƙalla ɗaya a hannunsa na farko, kuma dami mai katunan ƙasa 24, wanda shi ne adadin da aka saba, zai riƙa ba mai shi ƙasa da yawa ko kaɗan lokaci zuwa lokaci komai kyawun cuɗawa. Wannan ne ya sa ko manyan zakaru ba sa cin kashi 70 cikin 100 na karawarsu a gasar ƙwararru, shi ne kuma ya sa mai farawa yake iya doke tsohon hannu a rana mai kyau, abin da ba kasafai yake faruwa a wasan ces ba. Amma sa'a ba ta bayyana yadda Kai Budde na Jamus ya ci Pro Tour sau bakwai ba. Haɗarin da ke tattare da rabon sa'a a wasan shi ne mutum ya riƙa ɗora kowace faɗuwa a kan rashin sa'a, ya daina duba hannun da bai kamata ya riƙe ba da harin da ya kai ba lokacinsa ba, alhali a nan ne kaɗai yake da ikon gyarawa.

Gasa mai zagaye shida ko bakwai tana cinye yini guda, kuma sau da yawa ba a ware lokacin cin abinci, don haka ruwa da ɗan abin taɓawa suna cikin kayan aiki kamar biro da takarda, Musulmi kuma zai yi kyau ya tambayi masu shiryawa tun da safe inda zai yi salla tsakanin zagaye. Jaka ba a ajiye ta a bar ta, domin dami ɗaya yana iya kai darajar ɗaruruwan daloli. Wajen musayar katuna kuwa, sabon shiga yana kama da baƙon da ya shiga kasuwar da bai san farashinta ba, don haka duba farashi a waya kafin a amince ba rashin ladabi ba ne. Zauruka ba ɗaya suke ba wajen karɓar baƙi, kuma an daɗe ana kokawa cewa mata ba su da yawa a gasannin kuma ba kullum ake kyautata musu ba, abin da nauyin gyaransa yake kan masu shaguna da tsofaffin 'yan wasa, ba kan baƙon ba. Gasar Pokémon ta fi sauƙi ga yara saboda ta raba mahalarta gida uku bisa shekaru.

Ga wanda yake zaune inda babu shagon da ke shirya gasa, manhajojin MTG Arena ta Magic da Master Duel ta Yu-Gi-Oh! da Pokémon TCG Live suna koyar da dokokin wasa sosai a waya ko kwamfuta, amma su ne suke cuɗa katuna, su tuna da aikin kowane kati, su hana motsin da bai halatta ba, wato suna ɗauke wa mutum ainihin nauyin da gasar tebur take ɗora masa. Saboda haka wanda ya samu damar zuwa gasarsa ta farko ya fara da bikin sababbin katuna ko daren Juma'a na shago, ya isa da wuri, ya gaya wa alƙali da kowane abokin karawa cewa yau ce ranarsa ta farko, ya kira alƙali duk lokacin da ya yi shakka, ya kuma zauna har a buga zagayen ƙarshe.